Heinrich Barth: Bajamushen da ƙishirwa ta kusa kashewa kafin ya ga Kano

Masana tarihin ƙasar Hausa ba sa rasa ambaton Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, saura ƙiris da labarinsa ya ƙare a gindin wani dutse cikin Sahara, tun bai sa ƙafa a ƙasar Hausa ba.

An haife shi a birnin Hambug na Jamus a 1821, ya yi karatu a Jami'ar Balin, ya kuma koyi Larabci. A watan Maris na 1850 ya tashi daga Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg, cikin ayarin da gwamnatin Ingila ta tura domin neman hanyoyin ciniki da ƙasashen da ke kudu da hamada.

A tsakiyar watan Yuli, lokacin da zafin Sahara ke kan ganiyarsa, ayarin ya iso kusa da garin Gat. Can ne dutsen Idinen yake, wanda Buzayen yankin suka ɗauka fadar aljanu ce. Sun gargaɗe shi, sun kuma ƙi yi masa ja-gora. Barth, da ƙuruciya da taurin kai irin na mai digiri, ya saɓa 'yar salkar ruwa, ya ɗauki dabino da busasshen biskit, ya nufi dutsen shi kaɗai. A sararin hamada ido maƙaryaci ne: abin da ya hango kamar kusa sai ya zama tafiyar sa'o'i a kan tsakuwa mai ƙuna, ga kuma wani kwari mai zurfi da ya gitta tsakaninsa da dutsen. Ko da ya kai ƙololuwa ya riga ya galabaita, bai kuma tarar da rubutu ko zanen mutanen da da ya sa rai ba. Guzurin nasa ma bai ciwu ba, domin busasshen maƙogwaro ba ya karɓar busasshen abinci.

Wajen saukowa ruwan ya ƙare, hanya ta ɓace masa. Ya harba bindiga, babu amsa. Ya kwana a gindin wata bishiya marar ganye, yana hango wutar da 'yan ayari suka hura masa daga nesa, amma ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Kashegari da rana ta take, sai da ya tsotsi jinin jikinsa don ya jiƙa harshe. Da yamma wani Buzu da ya bi sawunsa a kan raƙumi ya same shi kwance, ya fara yayyafa masa ruwa a kai kafin ya ba shi ya sha. Ya shafe fiye da yini da kwana a wannan hali.

Za a iya cewa daga nan ne Barth ya zama matafiyi na gaske. Ya rage dogaro da kansa, ya koma bin tsarin masu ƙasa: tafiya cikin ayari, lissafin rijiyoyi, da sauraron madugu. Ya ziyarci Agadas a watan Oktoba, sa'annan ya biyo ayarin gishirin Azbinawa zuwa kudu, yana koyon Hausa a bakin abokan tafiya. Ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman, aljihu wayam, ga zazzaɓi. Duk da haka ya zaga gari, ya kiyasta mazaunansa da 30,000, ya kuma bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Murzuk da Tambutu. Dan kasuwar Kurmi na yau zai ga kakanninsa a waɗannan shafuka.

Abokan nasa ba su kai labari ba. Richardson ya mutu a 1851 a hanyar Kukawa, Overweg kuma a 1852 a gaɓar tafkin Chadi. Barth ya ci gaba shi kaɗai: Sakkwato, Gwandu, sai Tambutu a 1853, inda ya yi watanni a ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmad al-Bakkay. A Turai har an ba da labarin mutuwarsa.

A 1855 ya sake tsallaka Sahara daga Borno ta hanyar Bilma, a tsakiyar zafi, amma wannan karon a cikin ayari, yawanci da dare, da rana kuwa a fake a inuwar tanti. Tare da shi akwai samari biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu, wanda daga baya aka rubuta labarin tafiyarsa da Hausa a Ingila.

Littafinsa mai juzu'i 5 ya fito a 1857 da 1858, amma bai samu kasuwa irin ta littafin Livingstone ba. Ya mutu a Balin a watan Nuwamban 1865, yana da shekara 44.