Funmilayo Ransome-Kuti, malamar da ta tsaya tare da matan kasuwar Abekuta

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ke wuni cikin kasuwa, yau filinmu na tarihin magabata zai kai mu kudancin Nijeriya, ƙasar Yarbawa, garin Abekuta da ke arewa da Legas. Tsofaffin fatakenmu masu safarar goro sun san hanyar. Wadda za mu ba da labarinta ita ce Funmilayo Ransome-Kuti. Da yawa daga cikinmu in suka ji sunan Kuti, mawaƙin nan Fela ke zo masu a rai. To ita ce ta haife shi, kuma tun yana ɗan yaro ita ta riga ta sa sarki ya sauka daga gadon sarauta, da taron mata masu saida shinkafa da masu rinin tufafi.

An haife ta ranar 25 ga watan Oktoba na shekarar 1900 a Abekuta, cikin gidan kirista. Mahaifinta manomi ne mai cinikin manja, mahaifiyarta kuwa tela ce. Ta samu abin da ƴan mata kaɗan suka samu a wancan zamani, wato karatun boko mai zurfi: ita ce mace ta farko da aka ɗauka a babbar lakwal ɗin garin, daga nan kuma ta wuce Ingila a 1919, ta yi wajen shekara uku. Da ta komo gida sai ta kama koyarwa. A 1925 ta auri Israel Ransome-Kuti, limamin coci kuma shugaban makaranta, suka haifi ƴaƴa huɗu.

Da farko dai rayuwarta irin ta matan ƴan boko ce. Ta kafa wata ƙungiya ta mata masu hali, ana haɗuwa ana koyon ɗinki da girki da tarbiyya. Abin ya sake ne wajen 1944, lokacin da ƙungiyar ta buɗe ƙofarta ga matan kasuwa don su koyi karatu da rubutu. Matan suka zo koyon baƙi, amma sai suka zo da kukansu. Lokacin ana cikin yaƙin duniya na 2, Turawan Ingila sun ƙayyade farashi, ana tare mata bisa hanya ana ƙwace masu shinkafa da sunan tanadin abinci. Ga kuma lanho, wanda aka ɗora wa matan Abekuta tun 1918. Yarinya da ta kai shekara 15 sai ta biya, ko tana da jari ko ba ta da shi, ban da kuɗin rumfa da sauran tara iri-iri. Masu karɓa kuwa ba su da kunya, har duka da cin mutunci suna yi. Duk wannan kuɗi yana bi ta hannun sarkin garin, Alake Ademola na 2, wanda Turawa suka damƙa wa ragamar mulkin gargajiya shi kaɗai, kuma babu mace ko ɗaya cikin majalisar da ke yanke yadda za a kashe shi.

A nan ne, a ganinmu, matar ta nuna ta fi sauran ƴan boko hankali. Sai ta aje tufafin Turawa ta koma ɗaura zane da kallabi kamar matan da take zaune da su, ta kuma riƙa magana da Yarbanci ko gaban jami'an mulkin mallaka ne, sai dai a nemo tafinta. A 1946 aka sake wa ƙungiyar suna ta zama ƙungiyar matan Abekuta baki ɗaya, AWU a taƙaice. Ba a daɗe ba masu biyan kuɗin ƙungiya suka kai wajen mata 20.000.

Duk wadda ta taɓa riƙe adashi ta san tara kuɗin mutane ba wasa ba ne, balle a riƙe amanarsu shekara da shekaru. Da wannan taro-sisi na mata ne aka ɗauki lauyoyi masu kare waɗanda aka kama, aka kuma ɗauki akanta ya bi littattafan kuɗin hukumar gargajiya layi-layi, don kowa ya ga inda lanhon yake shiga. Suka rubuta takardun koke, suka kai wa sarki, suka kai wa Bature, suka aika wa jaridu. Da aka ƙara lanhon maimakon a rage shi, sai mata da yawa suka ƙi biya, Funmilayo na cikinsu, aka kai ta kotu. Hukuma ta hana su takardar izinin zanga-zanga, su kuma suka ce ai biki za su yi, kuma ba wanda ya taɓa hana mata biki.

Ƙarshen watan Nuwamba na 1947 mata fiye da 10.000 suka rufe rumfunansu suka nufi ƙofar fada. Nan suka wuni, nan suka kwana, suna waƙoƙin zambo ga sarki da muƙarrabansa. Aka yi masu alkawari, suka watse. Bayan sun watse aka shiga kama wasu daga cikinsu. Cikin watan Disamba suka komo, suka sake zama ƙofar fada kwana da kwanaki har sai da aka sako waɗanda ke tsare. Mu tuna fa, mace mai ƙaramin jari in ta rufe rumfa wuni guda, abincin gidanta na ranar ne ta saka cikin haɗari. Haka suka yi ta yi har cikin 1948, yau a saurare su, gobe a kore su da hayaƙi mai sa hawaye. Daga ƙarshe aka soke lanhon kai na mata, aka ba mata kujeru huɗu cikin majalisar riƙon ƙwarya ta garin, Funmilayo na ɗaya daga cikinsu, sannan a farkon watan Janairu na 1949 Alake ya yi murabus.

Kada mu ƙawata labari fiye da yadda yake. Ba a cika shekara biyu ba Turawa suka maido da sarkin bisa gadonsa, ya ci gaba da sarauta har mutuwarsa. Sai dai mulkin mutum guda da ake yi a da bai komo yadda yake ba.

Sunanta ya riga ya wuce Abekuta. Tun a 1947 ita kaɗai ce mace cikin tawagar jam'iyyar NCNC ta su Nnamdi Azikiwe da ta je Landan ƙorafi bisa tsarin mulkin da gwamna Richards ya shimfiɗa ba tare da shawarar ƴan ƙasa ba. A 1949 ta faɗaɗa ƙungiyar ta zama ta matan Nijeriya duka, a 1953 kuma ta tara wakilan ƙungiyoyin mata na ƙasar a Abekuta suka yi haɗaka guda. Babbar buƙatarsu ita ce kowace mace ta samu ƴancin jefa ƙuri'a, ta kudu da ta arewa. Cikin waɗanda suka ji labarinta suka yi tattaki har Abekuta don su gan ta akwai wata matashiya daga Zariya, Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda daga baya ta sha shiga gidan kaso saboda wannan magana ta ƙuri'ar mata. Matan kudu sun samu nasu ƴancin cikin shekarun 1950. Na arewacin Nijeriya sai da suka jira har 1976.

Wajen neman kujera dai ba ta yi sa'a ba. A 1951 ta tsaya takara ta faɗi, kuma wani abin takaici, dokar lokacin ta ce sai mai biyan haraji zai yi zaɓe, ga shi yawancin magoya bayanta mata ne da ba sa cikin rajistar. A 1955 mijinta, wanda ya tsaya mata tun farko, ya rasu. Ta ziyarci ƙasar Sin a 1956, sai Turawa suka ce ta zama ƴar gurguzu, suka ƙi sabunta mata fasfo. Amurka ma ta hana ta biza. A 1959 jam'iyyarta ta ƙi tsaida ta, ta tsaya da kanta, ta faɗi, aka kore ta daga jam'iyyar. Ta kafa tata ƙarama, ita ma ba ta kai ko'ina ba. Wani da ya sha irin wannan kaye da ya shiga ɗaki ya rufe. Ita kuwa sai ta koma ga abin da ta fara da shi, makaranta da ajin manya da ƙungiyoyin mata, ta ci gaba da su cikin juyin mulkin 1966, da yaƙin basasa, da mulkin soja da ya biyo baya.

Ƴaƴanta ma ba su zauna ba. Olikoye likitan yara ne, ya riƙe ministan lafiya na Nijeriya daga 1985 zuwa 1992. Beko, shi ma likita, ya jagoranci gamayyar ƙungiyoyin fararen hula da suka ƙi yarda da soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, gwamnatin Abacha ta ɗaure shi a 1995, bai fito ba sai 1998. Fela kuwa da waƙa ya riƙa caccakar sojoji, kuma ta dalilin haka ne ajalin uwar ya zo.

Ranar 18 ga Fabrairu 1977 sojoji wajen 1.000 suka kewaye gidan Fela a Legas, gidan da ake kira Kalakuta. Suka yi wa mutanen ciki dukan kawo wuƙa, suka cinna wa gidan wuta. Tsohuwar, mai shekara 76, tana ciki. Aka jefo ta ta tagar bene. Shugaban mulkin soja na lokacin shi ne Janar Olusegun Obasanjo, ɗan Abekuta kamar ta. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ɗora laifin bisa sojan da ba a san ko wane ne ba, ba a hukunta kowa ba.

Ba ta sake samun lafiya ba tun daga ranar. Ta yi ta jinya har ta cika ranar 13 ga Afrilu 1978, shekara guda da ƴan watanni kafin sojoji su miƙa mulki ga farar hula a 1979. Aka kai gawarta Abekuta, aka rufe ta kusa da mijinta. Ranar jana'izar dubban mutane suka fito, matan kasuwa da ƴan tireda na garin kuma suka rufe rumfunansu suka bi ta har kabari.