Alhassan Ɗantata: ɗan Bebeji da ya ɗauki sunan baiwar da ta rene shi

Duk inda aka ambaci Ɗantata a Najeriya, dukiya ce ke fara faɗo wa mutum a rai: dalar gyaɗa, fataucin goro, da zuriyar da ta kai ga Aliko Ɗangote. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi ko wace ce Tata. Tsohuwar baiwa ce a gidan wani falke a Bebeji, kuma a hannunta Alhassan ya tashi. Tarihin gidan nan, tun daga tushensa, a sarƙe yake da tarihin bauta a ƙasar Kano.

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin dangin Agalawa. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya yi nazarin fataucin goro, ya danganta asalin Agalawa da Bugaje, waɗanda suka zauna a ƙarƙashin Abzinawa kafin su gangaro ƙasar Hausa, su riƙi Hausa, su shahara a fatauci. Kakansa Baba Talatin ne ya taso da iyali daga ƙasar Katsina zuwa Madobi. Mahaifinsa Abdullahi kuma ya koma Bebeji, garin da ke kan hanyar ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro.

Alhassan bai kai shekara goma ba mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Ta tafi Ankara da ke Ghana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun Tata. Daga nan laƙabin ya samo asali, har ya danne sunan uba da na kaka.

Samun baiwa a gidan falke ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Tattalin arzikin masarautar Kano a ƙarni na 19 ya dogara ƙwarai da ƙwadagon bayi. Sarakuna suna da gandaye a wurare irin su Fanisau da Ɗorayi, hakimai da attajirai suna da rinjinsu, inda bayi ke noma dawa da gero da auduga da baba. Bayi ne ke ɗaukar kaya a cikin ayari, su ne kuma ke reno a cikin gida. Wanda ya samu dama yakan biya ubangidansa murgu domin ya yi aikin kansa, ko ya tara kuɗin fansa.

Alhassan ya ɗanɗana ɗaya gefen wannan tsari da kansa. A 1893 Basasar Kano ta ɓarke tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa da dama sun goyi bayan Tukur, kuma ɓangarensa ne ya sha kashi. Kamar yadda tarihin gidan ya nuna, an kama Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi a matsayin ganimar yaƙi, sai da aka fanshe su. Yaron da baiwa ta rena ya ga yadda ɗa ke wayar gari bawa saboda rikicin sarautar da ba shi da hannu a ciki.

Bayan an fanshe shi ya koma fatauci, ya bi sawun mahaifiyarsa zuwa Ankara, ya ƙware a harkar goro. Ana cikin haka duniya ta juya. Rundunar Turawan Ingila ta fasa Bebeji a kan hanyarta, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903. Alhassan yana cikin fataken farko da suka gane cewa jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko ya fi jakin ayari sauri da riba. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, kamfanonin Turawa suka nemi dillalan da za su sayo musu gyaɗa daga ƙauyuka. Alhassan yana da jari, yana da yara a kasuwanni, manoma kuma sun san shi. Cikin 'yan shekaru ya sha gaban sauran.

Gyaɗar kanta tana da nata tarihin. Dokar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan Maris na shekarar, amma ta bar waɗanda ke hannu a inda suke. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Binciken Mohammed Bashir Salau a kan Fanisau ya nuna cewa bayin gandu da 'ya'yansu na cikin waɗanda suka noma gyaɗar farko da ta cika taragon jirgi. Arzikin gyaɗa da Kano ke alfahari da shi ya ɗoru a kan gumin talakawa da na mutanen da ba su gama samun 'yanci ba.

A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ana ba da labarin cewa raƙuma 20 ne suka kai masa azurfar Alhassan. Lokacin da ya rasu a Kano, ranar 17 ga Agustan 1955, ana lissafa shi a matsayin mutumin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, suka ci gaba da riƙe gidan. Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

A Amurka an ɗauki shekaru ana tono sunayen bayin da suka yi wa manyan gidaje aiki. A Monticello, gandun shugaban ƙasa na uku Thomas Jefferson, wanda ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa, tun 1993 ake tattara labaran zuriyarsu. A nan kuwa zancen asali abin gori ne, har yau yana hana aure a wasu gidaje, don haka kowa ya ja bakinsa. Mun san jerin sarakuna da hakimai, amma dubban mutanen da suka noma gandayen Kano sun shuɗe ba suna. Tata ta tsira daga wannan mantuwa ne don kawai yaron da ta goya ya yi arziki. Matasan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da ke son rubuta tarihin garuruwansu suna da sauran tsofaffin da za su tambaya, kafin su ma su tafi.