Hanns Vischer (Ɗan Hausa) da Asalin Taƙaddamar Daidaita Rubutun Boko

An haifi Hanns Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 1876, ya kuma yi karatu mai zurfi a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Da farko aikin mishan ne ya kawo shi ƙasar Hausa. Daga baya ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, ya shiga aikin mulkin Arewacin Nijeriya, aka tura shi Barno. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno ta Murzuƙ da Bilma, tafiyar da ya bayyana a littafinsa Across the Sahara na 1910. Ƙwarewarsa a harshen ce ta jawo masa laƙabin Ɗan Hausa.

A 1909 ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, inda aka koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai. Kafin zuwansa Hausa ta daɗe tana da rubutu, domin malaman Sakkwato da Gwandu, irin su Abdullahi ɗan Fodiyo, sun yi waƙoƙi cikin ajami. Sai dai gwamnatin Lugga ta riga ta fifita haruffan Rumawa a kan ajami, kuma kowane Bature yana rubutu yadda kunnensa ya jiye masa. Domin magance wannan ruɗani ne Vischer ya wallafa Rules for Hausa Spelling a 1912.

Babbar matsalar ita ce sautukan da haruffan Rumawa ba su tanada ba. A wancan zamani wasu marubuta kan ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su rataya masa waƙafi, wasu kuma su bar shi haka nan, har baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, su zama abu guda a takarda. Ƙa'idojin Vischer ba su kawo ƙarshen saɓanin ba, amma sun kafa ra'ayin cewa wajibi ne a bi tsari ɗaya a makaranta da ofis da maɗaba'a.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Kano. A 1923 ya zama sakataren kwamitin ba da shawara kan ilimi a Ofishin Mulkin Mallaka da ke Landan. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Duniya, ya kuma riƙe muƙamin babban sakatarenta. Wannan cibiya ce, bisa jagorancin ilimi na Diedrich Westermann, ta yaɗa tsarin ƙera wa kowane sauti harafinsa. A shekarun 1930 Hausa ta karɓi haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda Rupert East ya tabbatar a littattafan Zariya. Vischer ya rasu a Ingila a 1945.

Daidaitawar da ya soma ta bar bashi iri biyu. Na farko ya shafi karin harshe: da aka gina daidaitacciyar Hausa bisa karin Kano, ɗalibin Birnin Kebbi ko Argungu da ke furta zamna da sabro ya wayi gari ana jan masa jan biro sai ya rubuta zauna da sauro. Na biyu ya shafi na'ura. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kawai yake da shi, babu haruffa masu lanƙwasa a ciki. Wannan ya sa masu buga Hausa a kwamfuta suka riƙa ƙera nau'o'in haruffa na ƙashin kansu, waɗanda ke rikiɗewa da zarar an buɗe rubutun a wata na'ura. Unicode, da ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa, amma saɓani bai ƙare ba: Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya na rubuta 'y. Manhajar da ba a tsara ta da kyau ba takan ɗauki waƙafin 'ya'ya a matsayin alamar rubutu, ta datse kalmar, ko ta kasa gano ƙasa idan an nemi kasa.

Har yau gidansa na Nasarawa, Gidan Ɗan Hausa, yana tsaye a Kano a matsayin gidan tarihi. Tambayar da ya fuskanta a 1912, wato wane tsari kowa zai bi kuma wa zai yanke hukunci, yanzu tana gaban masana harshe da masu tsara manhaja tare.