Muhammadu Dikko: Sarkin da ya mai da dokin yaƙi na sukuwa

A duk lokacin da aka yi zancen sukuwa ko wasan ƙwallon dawaki a arewacin Nijeriya, sunan da ake fara ambata shi ne na Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944.

An haife shi a 1865, a zamanin da doki yake kayan yaƙi a ƙasar Katsina. Ya rasu a lokacin da dokin ya koma abin ado da wasa, mota kuma ta fara karɓe masa aikin tafiye-tafiye.

Tasowarsa

Mahaifinsa Gidado shi ne Durɓin Katsina, daga zuriyar Fulani Sulluɓawa. Dikko ya gaji wannan sarauta ta Durɓi tun kafin zuwan Turawa.

Katsinar da ya taso a cikinta ba ta da kwanciyar hankali. Sarakunan Haɓe da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kora sun kafa mulki a Maraɗi, kuma sun shafe shekaru suna kawo hare-hare don neman ƙwato garinsu.

Yammacin masarautar, wato ƙasar Ruma da dajin Rugu, inda ƙananan hukumomin Batsari da Safana suke a yau, na cikin yankunan da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A can, ganuwa da kwari da baka da doki mai gudu su ne abin dogaron mutane.

Hawansa gadon sarauta

Sojojin Birtaniya ƙarƙashin Frederick Lugard sun shiga Katsina a 1903 ba tare da an gwabza ba. Ba da jimawa ba Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero.

A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, shi ma Yero aka sauke shi. Jami'in mulkin mallaka Richmond Palmer ya goyi bayan a naɗa Durɓi Dikko, wanda ya riga ya nuna zai iya aiki da Turawa.

Wannan naɗi ya kawar da sarauta daga gidan Dallazawa, waɗanda ke riƙe da ita tun lokacin Malam Ummarun Dallaje. Saboda haka sabon sarkin ya fuskanci adawa a farkon mulkinsa, kuma har yanzu masana tarihi na da saɓanin ra'ayi a kansa. Wasu na ganin ya ba Turawa haɗin kai fiye da kima, wasu kuma na ganin ya fahimci zamani ya juya ne, ya nema wa ƙasarsa mafita.

A zamaninsa aka kafa baitulmali a Katsina, tsarin da sauran masarautu suka kwaikwaya. An kuma tura hakimai su zauna a gundumominsu maimakon cikin birni. A yau Sarkin Ruma na zaune a Batsari, Yariman Katsina kuma a Safana.

Doki da mota

Da mulkin mallaka ya kafu, yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi ya ƙare, domin iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba su. Sarakuna sun daina tara mayaƙa, kuma mallakar bindiga ta koma ƙarƙashin izinin hukuma.

Sai dai Dikko bai bar dawakin fada sun zauna a turke ba. Ya zuba dukiya wajen kiwon ingarmu, dawakinsa suka yi suna a filayen sukuwa na Nijeriya.

A shekarun 1920 ya kafa wasan ƙwallon dawaki a Katsina, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Wasan da a da ake ɗauka na hafsoshin Turawa ne kaɗai ya zama na 'yan ƙasa, har Katsinawa suka riƙa doke waɗanda suka kawo shi.

Yana kuma cikin sarakunan Arewa na farko da suka rungumi mota, a lokacin da ake share hanyoyin da za su haɗa birnin da Kano da kuma gundumomi.

A 1921 ya tafi aikin Hajji, inda ya bi ta Ingila ya gana da Sarki George na biyar. Shekara guda bayan haka Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello.

Abin da ya bari

Sarki Dikko ya rasu a 1944. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ake lasafta shi cikin gwanayen ƙwallon dawaki da Afirka ta taɓa samu, ya gaje shi har zuwa 1981. Sarautar na hannun zuriyarsa har yanzu, haka ma wasan da ya dasa.

Amma zaman lafiyar da aka samu a yammacin masarautar a zamaninsa bai ɗore ba. Shekaru fiye da saba'in bayan rasuwarsa, dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, waɗanda ke hawa babura su afka wa ƙauyukan Batsari da Safana.

A 2021, gwamnan jihar na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a da su nemi bindigogi su kare kansu. Kiran ya jawo muhawara, domin dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba.

Wannan ita ce matsalar da Dikko ya tarar a ƙuruciyarsa, ta wanda ya kamata ya riƙe makami idan hukuma ta yi nisa da ƙauye.