Alhassan Ɗantata: Yaron da ya taka daga Bebeji zuwa Ankara neman mahaifiyarsa

Idan aka ambaci Alhassan Ɗantata a yau, dalar gyada ce ke fara faɗo wa mutane a rai. Sai dai tun kafin gyada akwai wata tafiya da ya yi yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka, ba uba ba ɗan'uwa a tare da shi, zuwa wani ƙaramin birni na bakin teku. Birnin shi ne Akra, babban birnin Ghana a yanzu, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara. Ba ta ƙasar Turkiyya ake nufi ba.

An haife shi a Bebeji a shekarar 1877, a gidan Agalawa, mutanen da suka yi suna wajen fataucin goro. Kakansa Baba Talatin daga ƙasar Katsina ya zo ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mai jagorantar ayari zuwa Gwanja. Ya rasu wajajen 1885, lokacin Alhassan bai kai shekara 10 ba.

Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Bayan rasuwar mijinta ta koma Ankara da zama, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga wannan baiwar Allah sunan Ɗantata ya samo asali. Sunan da ke jikin kamfanoni da manyan gine-gine a Kano yau, na wadda ta yi reno ne.

Tafiyar Gwanja ba wasa ba ce. Ayari kan kwashe watanni a hanya da jakuna, ya ƙetare Kwara, ya biya kuɗin fito da na sarakunan da ya ratsa ƙasarsu, ga fargabar 'yan fashi. Ana kai kanwa da tufafin da aka rina a Kano da fatu, a dawo da goro. Zuwa da komowa kan cinye mafi yawan shekara. A irin wannan ayarin yaron ya bi, kuma inda fatake da yawa ke juyowa daga kasuwannin goro, shi ya zarce kudu har bakin ruwa.

Ankarar da ya tarar ƙarama ce. A 1877, shekarar da aka haife shi, Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar Gwalkwas daga Cape Coast suka dawo da ita nan. Mazaunanta a farkon shekarun 1890 ba su wuce wajen 20,000 ba, sun taru a unguwannin Jamestown da Ussher Town da Osu, kowace a gindin tsohuwar ganuwar Turawa. Mutum na iya ratsa ta da ƙafa a wuni guda. Babu tashar jiragen ruwa. Jirgi kan tsaya can cikin teku, sai mutanen Ga su tuƙa kwale-kwale cikin igiyar ruwa su yi jigilar kaya da fasinja. Hausawa kuwa suna da zangonsu da malamansu da masu masaukin baƙi.

Labarin da ake bayarwa game da zuwan nasa ya nuna bai samu tarbar da yaro zai yi tsammani daga uwa mai dukiya ba. Hutun da ta bar shi ya yi kaɗan ne, sai ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani malami, ya zauna a can har lokacin komawarsa. Ya yi zaman almajirci: karatu, aikin malam, neman abin da zai ci da kansa. Wasu za su kira wannan rashin tausayi. A idon Agalawa horo ne, domin ba su yarda yaro ya saba da kuɗin da bai sha wahalarsa ba.

Ko ma mene ne nufinta, idonsa ya buɗe. Ya ga jirgin ruwa yana sauke kayan da ayarin jakuna ba zai iya ɗauka ba, kuma cikin 'yan kwanaki jirgin ya isa Legas.

Ya koma Bebeji daidai lokacin da Kano ke shiga Yaƙin Basasa. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi. Agalawan Bebeji suna ɓangaren Tukur, ɓangaren da ya sha kaye. Da Alu ya ci sarauta aka ƙwace dukiyar mutane da dama, aka kama wasu. Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Jaji na cikin waɗanda aka kama, sai da aka biya fansa suka kuɓuta. Ɗan madugu ya koma fara nema daga tushe.

Ya sake kama hanyar goro, amma tsohuwar hanyar ta riga ta fara mutuwa. Yaƙin cikin gida na 1892 ya wargaza kasuwar Salaga. A 1903 layin dogo daga Sekondi ya isa Kumasi, tsakiyar ƙasar goro. Wajajen 1906 Ɗantata ya fara loda hajarsa a jirgin ruwa tsakanin Ankara da Sekondi da Legas, kuma yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka da yawa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa sayar da goro. Kaya ne mai rai, kullum sai an kwance huhu an tsince wanda ya lalace an yayyafa ruwa. Duk kwanan da aka rage a hanya riba ce, kuma mai jirgi yana juya jarinsa sau da yawa kafin mai jaki ya dawo sau ɗaya. Ya haɗa da sayar da duwatsun wuya da yadin Turawa.

Da aka buɗe layin dogo tsakanin Legas da Kano a 1912, Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragu. Manoman karkarar Kano suka zaɓi gyada. A ƙasa mai cunkoson gonaki irin ta Tofa da Dawakin Tofa, gyada ta fi dacewa: tana zama tare da gero da dawa a gona ɗaya, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Kamfanonin Turawa ba su san waɗannan ƙauyuka ba. Fataken goro sun san su, suna da yara da dillalai da amana a kowace kasuwa.

Ɗantata ya dawo Kano da zama, ya kafa gida a Sarari ta wajen Koki. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyada. Yakan ba yaransa jari tun kafin kaka, su bazu cikin ƙauyuka su tara, har ya zama babban mai kawo wa kamfanin, wanda ya narke cikin UAC a 1929. A wannan shekarar, da bankin BBWA ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa ya kai ajiyar tsabar azurfa lodin raƙuma 20.

Aikin Hajjinsa ma ta teku ya yi shi a shekarun 1920, ya biya ta Ingila, inda aka gabatar da shi ga Sarki George na Biyar.

Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Kafin rasuwarsa ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su riƙe kasuwancin a dunƙule. Cikinsu akwai Sanusi da Aminu, wanda ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Mariya, 'yar Sanusi, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda matatar mansa ke Lekki, a bakin tekun Legas.