Muhammad al-Katsinawi: Masanin lissafin da ya ɓace wa Katsina, Masar ta riƙe shi

A gidajen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai ƙananan kayan da ba sa zama inda aka ajiye su: ludayi, allura, makullin babur, cajar waya, ɗan kunne ƙwaya ɗaya. A ɗaga tabarma, a kakkaɓe katifa, a nema sama ko ƙasa, shiru. Bayan kwana uku sai a gan su a wurin da kowa ya rantse ya duba.

Tsofaffi kan ce mutanen ɓoye ne suka ara. Matasan da suka zauna ajin fiziks kuma sun samo tasu zolayar, wai kayan sun bi hanyar kwantum ne, suka ratsa bango suka dawo.

Amma idan abin mai daraja ne, wasa kan ƙare. Wasu sukan garzaya wurin mai duba, ya buga ƙasa ko ya zana gidajen lambobi a takarda, a dawo gida da zargin 'yar aiki, almajiri ko kishiya.

Waɗannan gidajen lambobi, da ake kira hatimi, suna da dogon tarihi. Ɗaya daga cikin littattafan da masana tarihin lissafi suka fi ambata a kansu, wani Bakatsine ne ya rubuta shi kusan shekara 300 da suka wuce. Sunansa Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi.

Katsinar da ya tashi a cikinta

Al-Katsinawi Bafillace ne, kuma a cikin jerin laƙabinsa akwai wanda ke danganta shi da Ɗanranko, wani tsohon gari na ƙasar Katsina. Ya yi ƙuruciyarsa a lokacin da Katsina ke cikin manyan biranen ciniki da karatu a ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da Gadamas da gishiri, takarda da littattafai.

Kafin zamaninsa birnin ya riga ya fitar da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. A kudancin masarautar kuma akwai 'Yandoto, garin malamai da ke kusa da Tsafe ta yanzu, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara. Ke nan yankin da yau aka fi jin sunansa a labaran 'yan bindiga, a da hanya ce ta ɗalibai masu neman ilimi.

Yawancin abin da ya iso mana game da rayuwarsa ya fito ne daga alƙalamin Abdurrahman al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, a littafinsa Aja'ibul Asar.

Al-Jabarti ya lissafa malamansa. Akwai Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi, wadda ke cikin Chadi a yau. Akwai Shehu Hashim. Akwai Muhammad Fodu, wanda ya lizimta kimanin shekara 4, a gida da kuma a tafiya, yana koyon nahawu da sarfu da adabi. Saboda yadda ya haddace Maƙamatul Hariri, malamin ya fara yi masa laƙabi da littafin, daga baya ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Larabci.

Sai kuma Muhammad Bindu. A wurinsa ne ya koyi hisabi, da ilimin fitar da lokutan salla, da ilimin haruffa, da na aufaƙ, wato tsara lambobi a gidaje.

Daga Makka zuwa Alƙahira

Ya yi aikin Hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, wato wajen 1730. A wancan zamani mutumin ƙasar Hausa kan shafe watanni masu yawa, wani lokaci shekaru, kafin ya isa Makka, yana yada zango gari-gari. Al-Jabarti ya ce malamin ya rubuta labarin tafiye-tafiyensa.

A Makka ya fara rubuta Addurrul Manzum, littafi kan ɗalasimai da taurari, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi da ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi. Ya kammala shi a Alƙahira a 1146 bayan Hijira.

Shekara guda kafin nan, a 1145 (tsakanin 1732 da 1733), ya gama Bahjatul Afaƙ, littafin da ya yi bayanin haruffa da aufaƙ. Yana da wani littafin kan nahawu, Bulugul Arab, da kuma waƙe kan manɗiƙi, Manhul Ƙuddus, wanda ya yi wa sharhi da kansa.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, malamin Azhar da ya shahara a ilimin falaki da lissafi. Mai masaukin ya zama ɗalibin baƙonsa a fannin aufaƙ. Malamin da ya tashi a cibiyar ilimi ta Masar ya durƙusa gaban mutumin da ya yi karatunsa a Katsina da ƙasashen Tafkin Chadi.

Mene ne a cikin hatimi?

Idan aka ajiye batun asiri a gefe, hatimi lissafi ne tsagwaronsa. A zana gida 9, uku a kwance uku a tsaye, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9 ba tare da maimaici ba, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya.

Layin sama: 4, 9, 2.
Na tsakiya: 3, 5, 7.
Na ƙasa: 8, 1, 6.

A tara a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Idan gidajen biyar-biyar ne, jimlar 65 ce. Idan bakwai-bakwai ne, 175.

Ba da lalube ake cika su ba. Ga wata tsohuwar hanya da malaman lissafi Musulmi suka sani, wadda mai karatu zai iya gwadawa. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama. Idan an fita ta ƙasa sai a shigo ta sama, idan an fita ta dama sai a shigo ta hagu. Idan aka tarar gida a cike, sai a sauka gida biyu ƙasa daga inda ake, a ci gaba. Wannan hanya tana aiki ga duk hatimin da adadin layukansa mara ne: 3, 5, 7, 9, har abin da ya yi sama.

Irin waɗannan ƙa'idoji na hatimi mai layuka mara su ne al-Katsinawi ya tattara ya bayyana a Bahjatul Afaƙ. Ya kuma gargaɗi ɗalibi kada ya karaya idan lissafi ya ƙi fita, yana kwatanta mai wannan fanni da mai neman masoyi, wanda sai da naci yake cimma buri.

Wani abin sha'awa shi ne lamba ba ta iya ɓata a cikin hatimi. Idan gara ta cinye gida ɗaya a takarda, sai a tara biyun da suka rage a layin, a cire daga 15, lambar ta fito. Ba a buƙatar zargin kowa.

Sai dai shi malamin bai tsaya ga lissafi kaɗai ba. Kamar mutanen fanninsa a lokacin, ya yi imani cewa haruffa da lambobi suna da sirri, ya kuma umarci ɗalibai su yi aikin a ɓoye. Tun kafin zamaninsa akwai malaman da suka ƙi wannan ɓangare. Ibn Khaldun, a Muƙaddima, ya ajiye ilimin haruffa kusa da sihiri. Har gobe malamai da yawa na hana zuwa wurin masu duba. Abin da bai taɓa zama abin jayayya ba shi ne lissafin, domin kowa na iya tarawa ya gani da idonsa.

Inda kwantum ya shigo

Kimiyyar kwantum ta fara ne a 1900 da aikin Max Planck na Jamus, kusan shekara 160 bayan rasuwar al-Katsinawi. Tana bayanin halayen abubuwa mafiya ƙanƙanta, irin su ilektaron da ƙwayar haske.

Zolayar matasan tana da tushe. Ilektaron na iya bayyana a ɗaya gefen shingen da bai kamata ya iya ƙetarawa ba. Da wannan George Gamow ya bayyana yadda wasu ƙwayoyin zarra ke rushewa, a 1928. Da shi kuma ma'ajiyar wayar da ke hannun mai karatu take adana hotuna: ana tura ilektaron su ratsa wani siririn shinge, su maƙale a ciki.

Amma shingen nan ya fi gashin kai siranta sau dubbai. Cokalin ƙarfe ɗaya kuwa yana ɗauke da ƙwayoyin zarra da yawansu ya haura 1 mai sifili 23 a bayansa. Kafin cokali ya ratsa bango, sai dukkansu sun ƙetara a lokaci guda, abin da ko za a jira tsawon shekarun duniya sau biliyoyi ba za a gani ba. Cokalin da ya ɓata, a tambayi yara, ko maƙwabciyar da ta ara, ko ramin gafiya, ko kuma mantuwa, domin abin da hannu ya ajiye hankali na wani wuri, ƙwaƙwalwa ba ta cika riƙe shi ba.

Duk da haka gidaje taran nan sun sake bayyana a kimiyyar kwantum. A 1990 masana fiziks biyu, David Mermin da Asher Peres, suka fito da wani tsari mai gida 9 da ake kira da sunan da Turawa ke kiran hatimi. Siffa da suna ne suka haɗa su da aikin al-Katsinawi, tambayar da suke amsawa daban ce.

Ana iya kwatanta shi da gurabun dara. A ce kowane gurbi ko a sa masa tsakuwa ɗaya ko a bar shi fanko. Sharaɗi shi ne kowane layin kwance ya samu tsakuwa cika (0 ko 2), kowane layin tsaye ya samu mara (1 ko 3). Ba zai yiwu ba. Idan aka ƙirga ta kwance jimlar cika ce, idan aka ƙirga ta tsaye mara ce, alhali tsakuwoyin su ne dai.

Daga nan aka ƙirƙiri wasa na mutum biyu da aka raba, ba sa jin juna. A ba ɗaya layin kwance ya cika, a ba ɗayan layin tsaye, kuma dole amsarsu ta zo ɗaya a gurbin da layukan suka haɗu. Duk dabararsu, ba za su wuce cin 8 cikin 9 ba. Amma idan suna riƙe da ƙwayoyin da kwantum ya sarƙe da juna, lissafi ya nuna za su ci kowane zagaye. A 2022 masu bincike a China suka gwada da ƙwayoyin haske, suka zarce iyakar 8 cikin 9.

Ko a nan ba abin da ya ɓace. Ƙa'ida ce aka rubuta, aka gwada, ta fito, irin aikin da mai Bahjatul Afaƙ zai gane.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Al-Katsinawi bai koma gida ba. Ya rasu a gidan Hasan al-Jabarti a 1154 bayan Hijira, daidai da 1741, shekara 13 kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Shi kuma ya binne shi a Alƙahira, ya yi gini a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Abdurrahman al-Jabarti, ɗan Hasan, bai riske shi ba, domin an haife shi fiye da shekara 10 bayan rasuwar. Daga mahaifinsa da littattafan gidansu ya san shi.

An buga Addurrul Manzum a Masar. Akwai kwafin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya wallafa nazari a kan aikinsa a Ibadan. A 1973 Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta ba shi wuri a littafinta Africa Counts, wanda ya kai sunansa azuzuwan lissafi a ƙasashen waje.

A gida kuwa, ɗalibi na iya gama sakandare a Jihar Katsina bai taɓa jin sunansa ba. Sunansa ya tsira ne saboda wani gida a Masar ya adana takardunsa, wani ɗa kuma ya rubuta.

Har yanzu akwai gidajen malamai a ƙasar Katsina da ke da tsofaffin littattafan hannu a gafaka da adaka, inda gara, ɗigar ruwa da gobara ke yi musu barazana. A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa an ƙara da wata: hare-haren da suka tilasta wa iyalai barin ƙauyukansu, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar adaka.

Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, duk suna adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Wanda ya gaji littafin kakansa, ko bai kai shi can ba, yana iya ɗaukar hoton kowane shafi da wayarsa, ya tura wa 'yan uwa biyu ko uku a wasu garuruwa.