Stanley Milgram: Masanin da Ya Gwada Ƙarfin Umarni

Ko a Kiru kake ko a Tudun Wada, idan likita ya nemi ka shiga wani bincike, kana da damar ka ce a'a. Aikin Stanley Milgram na cikin abubuwan da suka sa aka tsaurara wannan ƙa'ida.

An haife shi a New York a 1933. A 1961, a Jami'ar Yale, ya shirya gwajin da ake umartar mutane su jona wa wani wutar lantarki in ya kuskure amsa. Wutar ta ƙarya ce, amma ba su sani ba. Cikin 40, mutum 26 suka bi umarni har ƙarshe, wasunsu suna gumi suna makyarkyata. Masana irin su Diana Baumrind suka ce an yaudare su, an tayar musu da hankali.

Ciwon zuciya ya kashe shi a 1984, yana shekara 51.